Yadda Ake Fara Yoga da Zaman Natsuwa a Gida, Mataki-Mataki

Tambayoyi uku ne suka fi zuwa mini game da yoga, wato tsarin motsa jiki da sarrafa numfashi da tattara hankali: ta ina zan fara, nawa zan kashe, kuma bai ci karo da addinina ba? Masu tambayar yawanci mutanen da zama ya yi wa yawa ne, irin su tela da ke wuni a kan keke, direba, ma'aikacin ofis mai fuskantar kwamfuta, da uwar gida da bayanta ke riƙewa bayan goyo da wanke-wanke. Wasu kuma jikinsu lafiya ƙalau, tunani ne ke hana su barci. Ga tsarin da nake ba kowa, kuma a bi shi yadda ya zo, domin yawancin masu jin rauni tsallake matakan farko suke yi. Zan riƙa cewa "ka", amma 'yar'uwa, har da ke nake.

1. Ka fara warware maganar addini

Yoga daga Indiya ta fito, kuma a can tana haɗe da ibadar mabiya addinin Hindu. Ba na ɓoye wa kowa wannan. A cikinta akwai motsa gaɓoɓi da sarrafa numfashi, akwai kuma rera kalmomin bauta irin su "Om", da jerin motsin da ake kira Suriya Namaskar, wato gaisuwar rana. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda irin waɗannan abubuwa. Majalisar malaman Indonesiya kuwa a 2009 ta rarrabe: wadda ta ƙunshi rere-rere da al'adun bauta haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla ba laifi. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017.

Abin da ke cikin wannan jagora motsa jiki ne da numfashi da tattara hankali. Babu kiran sunan wani abin bauta, babu fuskantar rana da niyyar girmamawa, kuma ba ya maye gurbin salla ko azkar ko addu'ar kowa, Musulmi ko Kirista. In duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kai wa malamin da ka yarda da shi bayanin abin da za ka yi dalla-dalla, ka ji ta bakinsa tukuna. Wanda ya fara da kokwanto ba ya samun natsuwar da ya zo nema.

2. Ka duba lafiyarka

Akwai waɗanda sai sun ga likita kafin su shimfiɗa tabarma: mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin ido, mai ƙaba, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ciwon baya da ke sauka ƙafa yana sa ta sagewa. Wannan na ƙarshen ya fara zuwa sashen gashin ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko na babban asibitin da ke kusa da shi, a gaya masa motsin da ya dace da shi.

Gargaɗi ga mai juna biyu: ban da kwanciya rub da ciki, ban da murɗa kugu da ƙarfi, kuma in cikin ya tsufa ban da daɗewa a kwance rigingine. Mai jego ta bari a yi arba'in, wadda aka yi wa aiki kuma ta jira izinin likita. Kada kowa ya ajiye maganin hawan jini ko na sukari wai don ya fara yoga.

3. Kayan aiki da kuɗinsu

Za ka iya farawa ba ka kashe ko sisi ba. Abin da ake buƙata shi ne fili daidai tsawonka in ka kwanta ka miƙe hannuwa, da shimfiɗar da ba ta zamewa. A kan siminti, tabarmar kaba da bargo ninki biyu sun wadatar. A kan tayil kuwa tabarmar roba santsi take yi, gara ka yi a kan kafet.

Tabarmar yoga ta ainihi ana samunta a shagunan kayan wasanni, farashinta na bin dala tunda daga waje ake shigo da ita. In za ka saya, nemi mai kaurin milimita 4 zuwa 6. Mai kauri sosai kamar katifa tana da daɗi a gwiwa, amma tana sa mutum tangaɗi in ya tsaya da ƙafa ɗaya. Shawarata ita ce kada ka saya sai ka yi wata guda kana yi a kan bargo, lokacin ka tabbatar za ka ɗore. Sauran kayan duk suna gida: matashi mai tauri na zama, tsohon ɗankwali ko rawani na riƙo tafin ƙafa, kujera marar taya, da bango.

Kada ka yi a kan dardumar salla. Gajera ce, tana zamewa, kuma ya fi kyau kowane abu ya tsaya a muhallinsa. Tufafi su zama sakakku, wando mai faɗi da riga 'yar shara. Da zani ba a iya buɗe ƙafa yadda ya kamata, don haka mata su sa dogon wando, su rufe ƙofar ɗaki su yi abinsu cikin sirri. Ba a sa safa, ƙafa tsirara ta fi kama ƙasa.

4. Ka tsayar da lokaci guda

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Wanda ya ce "zan yi in na samu sarari" ba zai samu ba. Ka ɗaura shi a jikin abin da ba ya wuce ka kullum. Mafi dacewa a wurina shi ne bayan sallar asuba da azkar, kafin karin kumallo: ciki ba kowa, gari da sanyi-sanyi, yara ba su tashi ba. In safiyarka ta shirin makarantar yara ce, ka ɗauki bayan la'asar ko kafin kwanciya barci.

Minti goma kacal a makon farko, kuma kada ka ƙara ko da kana jin daɗi. Mun san hadisin da ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, jiki ma haka yake karɓar horo.

Gargaɗi: in ka ci tuwo ko shinkafa ka ƙoshi, ka bari a yi awa biyu zuwa uku. A watannin Maris zuwa Mayu kada ka yi da tsakar rana, ka kuma ajiye ruwa kusa. Da hunturu jiki a ƙage yake tashi, sai ka ninka lokacin ɗumama shi, ka rufe taga saboda ƙura, musamman in kana da asma.

5. Numfashi kafin komai

Kwana uku na farko wannan kaɗai za ka yi. Na san zai yi maka kamar ba ka yi komai ba, amma duk abin da zai biyo baya a kansa yake tsaye.

Kwanta rigingine, lanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Shaƙi iska ta hanci a hankali, ka lura da hannun da ya fara tashi. Yawancinmu na ƙirji ne ke tashi, alamar numfashin sama-sama irin na mutumin da ke cikin fargaba. Abin da ake so shi ne na cibiya ya tashi, kamar ana hura balan-balan a cikin ciki, na ƙirji kuma ya motsa kaɗan. Kalli jariri yana barci, haka yake yi ba wanda ya koya masa.

In hannun cibiya ya fara amsawa, sai ka sa ƙidaya: shaƙa kana ƙirga huɗu, fitar kana ƙirga shida, duka ta hanci. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wannan ƙidayar kuwa tana saukar da shi zuwa kamar shida. Tsawaita fitar da iska shi ke rage bugun zuciya, shi ya sa fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Yi sau goma, ka huta, ka sake goma.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cika huhu har wuya da ɗaga kafaɗu. Ba gasar shan iska ake yi ba. In ka ji jiri ko yatsu suna sagewa, ka yi yawa, koma numfashinka na kullum har ya wuce. In huɗu da shida sun yi maka tsawo, yi uku da huɗu. Kada ka riƙe numfashi, kuma ka ƙyale irin numfashin sauri-sauri da ake gani a bidiyo ana bugun ciki, ba na mai farawa ba ne, kuma yana da haɗari ga mai hawan jini da mai ciki.

6. Ɗumama jiki, minti uku

Daga rana ta huɗu. A zaune, kai kunne wajen kafaɗar dama, numfashi uku, sannan hagu. Juya kafaɗu baya sau biyar. Kada ka wulwula wuya zagaye kamar dutsen niƙa.

Sai ka koma rarrafe, tafin hannu a ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa a ƙarƙashin kugu. Da shaƙa, saki ciki ƙasa, ɗaga ƙirji. Da fitarwa, tura ƙasa da hannu, tanƙwara baya sama kamar kyanwar da ta ga kare, haɓa ta nufi ƙirji. Sau takwas, numfashi na jan motsi. In gwiwa na jin taurin ƙasa, ƙara ninkin bargo.

7. Motsi shida na mai farawa

Kowanne ka tsaya a cikinsa numfashi biyar. Na sa wa biyar daga cikinsu sunayen da aka san su da su don ka gane su in ka ci karo da su a YouTube.

Tsayuwar dutse, Tadasana. Tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin kugu, nauyi a rabe tsakanin diddige da gaban ƙafa, kai a miƙe kamar mai tallar da ta ɗauko faranti cike. Wannan tsayuwa ita ce ma'aunin sauran.

Rabin sunkuyo. Dafa bango ko bayan kujera, ja da baya har bayanka ya shimfiɗe kamar mai ruku'u. Lanƙwasa gwiwa kaɗan. Za ka ji ja a bayan cinya, nan zama ke ɗaure mutum. Gargaɗi: kada ka yi ta dunguri kana neman taɓa yatsun ƙafa da baya a tanƙware, ta haka ake samun ciwon ƙugu.

Tsayuwar bishiya, Birikshasana. Tsaya kusa da bango, ɗora tafin ƙafar dama a idon sawun hagu ko a sharaɓa, kafa ido a wuri ɗaya. Ban da ɗora shi a kan gwiwa. Sai ka canza ƙafa. Ga wanda shekaru suka fara ja, wannan na taimakawa wajen tsayuwa da ƙarfi da rage faɗuwa.

Kumurci, Bujangasana. Kwanta rub da ciki, tafin hannu kusa da haƙarƙari, gwiwar hannu manne da jiki. Ɗaga ƙirji kaɗan da ƙarfin baya, cibiya na ƙasa. Gwada ɗage hannuwa daga ƙasa, in ƙirjin ya tsaya, daidai kake. Masu miƙe hannu gaba ɗaya su karya kugu su ne ke zuwa washegari suna cewa yoga ta ƙara musu ciwon baya.

Gada, Setu Banda. Rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, diddige kusa da mazaunai. Taka ƙasa ka ɗaga kugu, ka sauko a hankali. Kada ka juya kai alhali kugu na sama.

Zaman yaro, Balasana. Zauna a kan diddige kamar zaman tahiya, ware gwiwoyi, kwantar da ƙirji a kan matashi, hannuwa a sake. In gwiwa ta ƙi, kwanta rigingine ka rungumo gwiwoyi zuwa ƙirji.

Ƙa'ida ɗaya ta hau kansu duka. Akwai ja mai daɗi a cikin tsoka wanda ke sassautawa in ka yi numfashi, wannan shi ake nema. Akwai kuma suka ko zafi mai kaifi a gaɓa, a gwiwa ko wuya ko ƙashin baya, ko ji kamar wutar lantarki. Da ka ji wannan, fito nan take. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu a farko ba komai ba ne, wanda ya zarce haka ko ya zo da kumburi a nuna wa likita.

8. Kwanciyar hutu

Minti biyu zuwa uku a rigingine, hannuwa a gefe, matashi a ƙarƙashin gwiwa in baya na damunka. Bi jikinka da hankali daga yatsun ƙafa zuwa goshi, duk inda ka tarar a ɗaure ka sake shi, musamman muƙamuƙi da tsakanin gira. In za ka tashi, mirgina gefe tukuna, ka dafa hannu. Zabura tsaye na kawo jiri.

9. Zaman natsuwa

Wannan ne ya fi wuya, kuma shi ne ya fi amfani ga mai yawan tunani.

Zauna a bakin matashi mai tauri, ƙafafu a tanƙwashe irin zaman cin tuwo, kugu ya ɗan fi gwiwa tudu. In ba ka iya zaman ƙasa, kujera ta yi, tafin ƙafa a ƙasa, ba tare da jingina ba. Kada ka tilasta wa ƙafafunka harɗewar nan da ake gani a hotuna, kowace ƙafa a kan cinyar 'yar'uwarta, gwiwoyi da yawa sun lalace a nan. Saita ƙararrawar waya minti uku da sauti mai taushi, kashe data, kifa wayar nesa da hannu. Lumshe ido, ko ka sauke shi ƙasa kamar taku biyu a gabanka.

Yanzu ka bar numfashi ya tafi yadda ya ga dama, ba ƙidayar huɗu da shida. Aikinka kawai ka ji shi, ko a bakin hanci inda iska ke shiga da sanyi ta fita da ɗumi, ko a tashi da saukar ciki. Zaɓi wuri ɗaya. Duk fitar numfashi ka ƙirga: ɗaya, biyu, har goma, ka dawo ɗaya.

Ba za ka kai goma ba. Kafin huɗu hankalinka ya tafi kuɗin makaranta, ko maganar da wani ya faɗa maka jiya, ko cefanen rana. Mutane da yawa a nan suke cewa "ni ba zan iya ba, kaina ba ya shiru," su daina. Ina roƙonka kada ka daina a nan. Ba a ce kai ya yi shiru ba, zuciya ba ta daina kawo tunani. Lokacin da ka farga cewa ka tafi, ka dawo ka ce "ɗaya", wannan dawowar ita ce horon. In ka dawo sau ashirin a minti uku, ka yi aikin sau ashirin. Kamar kiwon akuya ne a bakin gona: ta nufi shuka, ka jawo igiya a hankali, ta sake nufa, ka sake jawowa, ba duka ba zagi. Duk wanda ya san yadda hankali ke yawo a cikin salla ya san wannan fama, kuma ni na ga zaman nan ya taimaka mini wajen saurin fargar cewa na tafi.

Hayaniya ba za ta ƙare ba: janareton maƙwabta, kukan yaro, mai tallar koko. Ji sautin, ka bar shi ya wuce, ka koma ƙidaya. In gyangyaɗi ke ɗaukarka, buɗe ido, miƙe baya, ko ka mayar da zaman wani lokaci. In kullum barci ke kwashe ka, barcin dare ne bai ishe ka ba, shi za ka fara gyarawa.

Gargaɗi mai muhimmanci: wanda ya taɓa shiga tashin hankali mai tsanani, kamar harin 'yan bindiga, haɗarin mota ko rashi mai girgiza zuciya, zaman shiru da ido a rufe na iya taso masa da abin. In ka ji ƙirji na bugawa, tsoro na taso maka, buɗe ido, taka ƙasa da ƙafa, kalli abubuwan da ke ɗakin kana kiran sunayensu, ka tashi. In ya maimaitu, ka bar zaman, ka tsaya ga motsa jiki, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane, yana da magani a asibiti.

10. Tsarin wata na farko

Mako na 1: numfashi, daga rana ta huɗu a ƙara ɗumama jiki da zaman natsuwa na minti uku. Jimla minti 10.

Mako na 2: a shigo da tsayuwar dutse, rabin sunkuyo da zaman yaro. Minti 15.

Mako na 3: a ƙara kumurci da gada, zaman natsuwa ya koma minti biyar.

Mako na 4: duka shidan, kwanciyar hutu, zaman natsuwa minti bakwai zuwa goma. Jimla minti 25 zuwa 30.

Rataya kalanda, duk ranar da ka yi ka sa alama da biro. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, irin wanda ke ɗaga bugun zuciya. Yoga mai taushi irin wannan ba ta cika wannan gurbin ita kaɗai, don haka ka haɗa da tafiyar ƙafa da sauri.

11. Ka fito da shi daga ɗaki

Amfanin abin yana bayyana ne a tsakiyar hidima. Cunkoso ya tsayar da kai a cikin adaidaita, yi numfashin huɗu da shida sau biyar. Yaro ya ɓata maka rai, yi numfashi uku kafin ka buɗe baki. Tela da mai aikin ofis, duk awa guda ku tashi ku dafa bango ku yi rabin sunkuyo. Mai jiran tukunya ta tafasa, ga lokacin tsayuwar dutse nan.

12. Azumi, tafiya da ranar da aka tsallake

A watan Ramadan ka rage. Numfashi, ɗumama jiki da zaman natsuwa bayan asuba sun isa, motsin tsaye kuma a bar shi sai bayan tarawihi, in abincin buɗa-baki ya faɗa. Mace mai al'ada ta bi yadda jikinta ya ba ta, zaman yaro da kwanciyar hutu sukan sassauta ciwon mara. Mai zazzaɓi ya huta har ya warware.

Biki zai zo, rasuwa za ta zo, baƙi za su cika gida, za ka yi kwana biyar ba ka yi ba. Kada ka rama da awa guda a rana ɗaya. Koma tsarin makon da ya gabaci inda ka tsaya. A ranar da ba hali sam, zauna a bakin gado ka yi numfashi goma, ka sa alamarka a kalanda.

Bayan wata uku, in kana son ƙari, nemi mai koyarwa da zai ga jikinka ido da ido, mace ga mata, ka kuma gaya masa tun farko cewa ba ka son rere-rere. Tsayuwa a kan kai da tsayuwa a kan kafaɗa, waɗanda suka cika bidiyoyin intanet, kada ka gwada su kai kaɗai a ɗaki, nauyin jiki gaba ɗaya suke ɗora wa wuya.